Gidan addu'a, asibiti, cibiyar mishan ko taron zumunta: ina ya kamata iyalin Kirista su fara da mai shaye-shaye?

Duk iyalin Kirista da shaye-shaye ya shiga gidansu a arewacin Najeriya, ko a Jos suke ko Kaduna ko Gombe ko Yola, sukan sha shawarwari daga mutanen da dukansu alheri suke nufi. Wata uwa daga Zumuntar Mata za ta ce a kai yaron wurin wani bawan Allah da ke addu'ar kuɓutarwa, kawunsa ma'aikacin lafiya zai ce a nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa, wani dattijon ikilisiya kuma ya san wata cibiyar mishan da ke riƙe matasa har shekara guda. Kuɗin gidan ba zai isa a bi dukansu ba, haƙurin mai shaye-shayen ma ba zai isa ba, domin duk yunƙurin da ya rushe yakan rage masa yarda da na gaba. Shi ya sa zaɓin farko yake da nauyi, ya kuma kamata a auna hanyoyin nan da abin da kowacce take iya yi da abin da ya fi ƙarfinta, kafin a sayar da akuya ko a ci bashin ƙungiya.

Matsalar ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da kayan maye cikin shekara guda. Miliyan 10.6 daga cikinsu tabar wiwi suka sha, miliyan 4.6 ƙwayoyin kashe ciwo irin su tiramol, miliyan 2.4 kuma maganin tari mai kodin, wasu sun sha fiye da iri ɗaya, kuma ɗaya daga cikin kowane mutum huɗu mace ce. Abin lura ga ikilisiyoyi shi ne, wannan jimla ba ta haɗa da giya ba, alhali a yawancin garuruwanmu burkutu da ogogoro da goskolo da giyar leda su ne suka fi rusa gidaje. Gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, amma hanin bai warkar da waɗanda suka riga suka kamu ba, wasu ma komawa suka yi ga abin da ya fi saukin samu.

Kafin a yi maganar inda za a kai mutum, sai an fara sanin abin da yake sha, yawansa, da tsawon lokacin da ya ɗauka yana sha, domin amsar wannan ce take yanke rabin shawara. Wanda ya shekara da shekaru yana shan giya mai ƙarfi kowace rana, idan ya daina farat ɗaya, hannunsa kan fara rawa cikin yini guda, jijjiga irin ta farfaɗiya na iya kama shi cikin kwana biyu, daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma yana iya rikicewa, ya riƙa ganin abubuwan da babu su, zuciyarsa na bugu da sauri, har ya rasa ransa idan ba a kula da shi ba. Haka yake ga masu shan ƙwayoyin barci irin su rochi da diyazefam. Tiramol kuwa, wanda likita ba ya wuce miligiram 400 a rana ga majiyyaci, ana sayar da shi a bayan fage ƙwaya ɗaya mai miligiram 200 ko 225, kuma akwai samarin da ke watsa biyar ko fiye a yini. Yawan shansa na jawo jijjiga, barinsa kuma na kawo ciwon gaɓoɓi da zawo da rashin barci da firgita. Tabar wiwi ba ta cika yin kisa wajen bari ba, amma tana iya taɓa hankalin matashin da ya fara ta da wuri. Iyalin da ba su bambance waɗannan ba suna iya kai ɗansu wuri mai kyau a lokacin da bai dace ba.

Gidan addu'a shi ne ya fi kusa, ya fi araha a farko, kuma da harshen da iyali suka sani yake magana. Ba daidai ba ne a raina shi. Mai shaye-shaye yakan zo da kunya mai nauyi da tunanin cewa Allah ya riga ya juya masa baya, kuma idan aka ɗora masa hannu aka ambaci sunansa cikin addu'a, aka ce masa ƙofar tuba ba ta rufe ba, wani abu yakan motsa a zuciyarsa wanda allura ba ta iya motsawa. Abin da Bulus ya faɗa a Romawa sura 7, cewa nagarin abin da yake so ba ya yi, mugun da ba ya so shi yake aikatawa, kusan babu mashayin da zai ji bai ga kansa a ciki ba. Akwai kuma mutanen da suka bar kwalba a dare ɗaya ba su sake waiwaya ba, kowace ikilisiya tana da irinsu, kuma shaidarsu gaskiya ce.

Inda gidan addu'a yake gazawa shi ne abin da ke biyo bayan daren. Waɗanda suka tsaya su ake kira gaba su ba da shaida, waɗanda suka koma bayan mako uku kuwa babu mai ƙirga su, sau da yawa ma ce musu ake yi bangaskiyarsu ce ta kasa, wanda hakan ke ƙara musu kunyar da tun farko ita ke kai su ga sha. Yesu da kansa ya yi gargaɗi a Matiyu sura 12 game da gidan da aka kori ƙazamin ruhu daga cikinsa, aka share aka bar shi babu kowa, har ruhun ya dawo da waɗansu bakwai da suka fi shi mugunta. Wuraren kuɓutarwa da yawa sun iya sharewa, amma ba su da shirin abin da zai cika ranakun mutumin daga Litinin zuwa Asabar. Hatsarin da ya fi wannan shi ne azumi. Idan aka sa wanda jikinsa ke cikin raɗaɗin barin giya azumin kwana uku babu ci babu sha, aka kuma ɗauki jijjigarsa a matsayin alamar aljani na fita, to an jefa ransa cikin haɗari. Duk wurin da ya ce a zubar da maganin da likita ya rubuta domin a nuna bangaskiya, a fita daga wurin tun da rana.

Akwai kuma maganar ɗaure mutane da mari. A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa cikin Kaduna suka fitar da mutum fiye da 300, da yawansu da sarƙa a ƙafa, daga baya aka gano irinsa a Daura da wasu garuruwa. Kiristoci da yawa sun ɗauka wannan matsalar maƙwabta ce, amma rahoton da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar a watan Nuwamban shekarar, bayan ta ziyarci wurare 28, ya nuna ana ɗaure mutane a wuraren da coci-coci ke gudanarwa, kamar yadda ake yi a na malamai da na masu maganin gargajiya har da wasu na gwamnati. A Markus sura 5, mutanen gari ne suka yi ta ɗaure mutumin nan na kaburbura da sarƙa ba tare da ya amfana ba, kuma ba a ji Ubangiji ya nemi a ƙara masa wata ba. Wurin da yake ɗauri ko duka ko hana abinci da sunan Almasihu ba ya cikin zaɓin da ake aunawa, komai sunan mai shi.

Asibiti shi ne akasin gidan addu'a a kusan kowane fanni, shi ne kuma wanda iyalai suka fi gudu saboda sunan da aka laƙaba masa. Arewa na da manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna, da Kware kusa da Sakkwato, da Maiduguri, ga na Dawanau a Kano, ga kuma sassan lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitocin koyarwa irin na Jami'ar Jos da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, ita ma tana da ɗakunan ba da shawara da gyaran hali a ofisoshinta na jihohi da dama, da layin waya na kyauta. Abin da asibiti yake yi wanda babu mai yi a madadinsa shi ne fitar da mutum daga makon farko da ransa. Likita zai ba da maganin da ke hana jijjiga ya riƙa rage shi sannu a hankali, zai ba mashayin giya sinadarin bitamin B1 domin kare ƙwaƙwalwarsa, zai duba hanta da hawan jini da ciwon hanta mai yaɗuwa da ƙanjamau. Sannan zai bincika ko akwai wata cuta a ƙarƙashin shan, domin mutane da yawa sun fara ƙwaya ne saboda baƙin ciki mai tsanani, ko firgicin abin da suka gani a rikici, ko wata larurar hankali da ba a gano ba. A yankunan da suka sha tashin hankali, daga Filato zuwa kudancin Kaduna zuwa kudancin Borno, wannan ba ƙaramin dalili ba ne.

Kirista ba shi da hujjar ɗaukar zuwa asibiti a matsayin raunin bangaskiya. Luka likita ne, Bulus ya kira shi ƙaunatacce. Annabi Ishaya, bayan ya isar wa sarki Hezekiya alkawarin warkarwa daga Allah, shi ne kuma ya ce a ɗora curin ɓaure a kan marurun. Mishanonin da suka kawo bishara ƙasar nan da ɗakin magani suka zo, asibitin Vom da aka fara a 1922 da na Jankwano a Jos da na Wusasa duk shaida ne. Wanda ya yarda a yi wa mahaifiyarsa aikin ido a asibitin mishan ba shi da dalilin ƙin a duba ɗansa a Barnawa.

Sai dai asibiti ma yana da iyakarsa, kuma iyalai kan yi masa zaton abin da bai yi alkawari ba. Kuɗin gado da magani da abinci yana da nauyi, gadaje ba su da yawa, likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200. Makonni kaɗan na kwanciya suna wanke jiki, amma ba sa canza abokai, ba sa samar da sana'a, ba sa gyara abin da ya ɓaci tsakanin mutum da matarsa. Masu bincike a Amurka sun daɗe suna cewa kulawar da ba ta kai kwana 90 ba amfaninta kaɗan ne, kuma kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa magani sukan sake faɗawa, adadin da ya yi kusa da na masu hawan jini da asma da ke sakaci da maganinsu. Wanda aka sallama daga asibiti ya koma ɗakinsa na da, a unguwarsa ta da, babu aikin yi, an biya kuɗi ne kawai domin ya huta.

Cibiyar mishan ta kwana, inda mutum zai zauna watanni da yawa, ita ce take ƙoƙarin cike wannan giɓi. Yawancin irin waɗannan wurare, ko sun sani ko ba su sani ba, tsarin Teen Challenge suke bi. Wanda ya kafa wannan shiri, David Wilkerson, fasto ne na cocin Assemblies of God daga wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania, ya tafi Niyok a 1958 saboda labarin wasu samarin daba da ake yi wa shari'ar kisa, daga baya ya buɗe gida a unguwar Brooklyn domin masu shan ƙwaya, aikin kuma ya bazu zuwa ƙasashe fiye da 100. Tsarin yakan ɗauki wata 12 zuwa 18: tashi da asuba, sujada, nazarin Littafi Mai Tsarki, aikin hannu, dokoki masu tsauri, da rabuwa da waya da tsofaffin abokai. Ƙarfinsa a tsawon lokacin yake. Shekara guda tana ba ƙwaƙwalwa damar saba wa rayuwa babu maye, tana ba mutum abokai waɗanda suka san halin da yake ciki, idan kuma cibiyar ta kirki ce yakan fito da kafinta ko ɗinki ko kiwon kaji a hannunsa. Ga saurayin da a ƙofar gidansu ake sayar da ƙwaya, nisan kaɗai magani ne.

A nan ne kuma ya kamata iyali su fi buɗe ido, domin kalmar cibiya kowa na iya rubuta ta a allo. Alƙaluman nasara da irin waɗannan wurare ke ambata, kashi 70 ko 80 cikin ɗari, galibi daga waɗanda suka kammala shirin ake ƙirga su, ba a sa waɗanda suka gudu a wata na biyu, alhali su ma 'ya'yan wasu ne da aka biya musu kuɗi. Tambayar da ta dace a yi wa shugaban wuri ita ce, cikin waɗanda suka shigo bara mutum nawa suka kai ƙarshe, kuma ina suke yanzu. A tambaya ko akwai likita ko nas da ke zuwa, da asibitin da suke kai wanda ya rikice da dare. A tambaya ko suna barin mutum ya ci gaba da shan maganin da likitan ƙwaƙwalwa ya rubuta masa, domin wasu wuraren suna ɗaukar kowace ƙwaya a matsayin maye, kuma raba mai larurar hankali da maganinsa yana iya mayar da shi inda ya fito cikin makonni. A nemi ganin ɗakin kwana da wurin girki ba tare da an sanar da zuwa ba, a kuma nemi magana da wani da ya gama shekara biyu da suka wuce. A san ikilisiya ko hukumar da wurin yake ƙarƙashinta, wadda za a iya kai wa ƙara, domin wurin da mutum ɗaya ne mai shi kuma shi ne alƙalinsa ya fi saurin lalacewa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi haƙƙoƙin majiyyata da sharuɗɗan tsare mutum ba da son ransa ba, saboda haka iyali ba su da ikon su sa a kama baligi a kulle shi shekara guda don kawai sun gaji da shi. Ko da babu doka ma, almajiranci na dole ba ya kama zuciya. Wanda aka yaudara aka ce za a kai shi ziyara, ya tsinci kansa bayan katanga, yakan koyi faɗin abin da ake so a ji har ranar fita.

Hanya ta huɗu ita ce mafi arha, ita ce kuma aka fi sakaci da ita a ikilisiyoyinmu: taron mako-mako na masu fama da matsala iri ɗaya. Asalinsa na Kirista ne. Ƙungiyar mashaya masu ɓoye suna, wadda aka fi sani da AA, ta fara ne a 1935 a garin Akron na jihar Ohio, lokacin da Bill Wilson ya haɗu da likita Bob Smith, dukansu kuma sun bi ta wata ƙungiyar farkawa ta Kirista da ake kira Oxford Group, inda suka koyi furta zunubi ga juna da biyan waɗanda aka cuta da miƙa kai ga Allah. Abin sha'awa shi ne, juyowar da Wilson ya samu a watan Disamban 1934, wadda bayanta bai ƙara shan giya ba, a kan gadon asibiti ta same shi, yana hannun likita. Matakai 12 na barin giya da suka wallafa a 1939 sun bar sunan Allah a buɗe domin kowa ya shiga, abin da wasu masu bi ba su ji daɗinsa ba, shi ya sa a 1991 John Baker ya fara Celebrate Recovery a cocin Saddleback da ke Kalifoniya, inda ake ambaton Yesu kai tsaye ana kuma ɗora koyarwar a kan albarkun da ke Matiyu sura 5. Tun kafin waɗannan duka, wani fasto ɗan Suwizalan mai suna Louis-Lucien Rochat ya kafa ƙungiyar Blue Cross a 1877, wadda har yau take aiki a ƙasashen Afirka da dama ciki har da Chadi.

A cikin hanyoyin nan huɗu, wannan ce take da shaidar bincike mafi ƙarfi a ɓangaren giya. A 2020 masana na cibiyar Cochrane, mai tantance binciken lafiya, suka tattara bincike 27 da suka shafi mutum fiye da 10,000, suka ga cewa shirye-shiryen da ke shigar da mutum AA suna kai wa ga barin giya gaba ɗaya daidai da sauran hanyoyin ba da shawara na ƙwararru, a wasu wuraren ma fiye da su, kuma da kuɗi kaɗan. Wannan sakamako na giya ne, kuma na AA ne, ba za a ɗauke shi kai tsaye a ɗora wa tiramol ko wa kowane taron coci ba. Amma dalilin da ya sa yake aiki a fili yake: mutum yana samun sababbin abokai da ba sa sha, yana da wanda zai kira da ƙarfe goma na dare lokacin da sha'awa ta taso, yana kuma da wurin da zai faɗi gaskiya ba a kore shi ba. Yakubu sura 5 ta haɗa abubuwa biyu, kiran dattawa su yi addu'a da kuma furta laifofi ga juna, mu kuwa mun riƙe na farko mun saki na biyu.

Matsalar wannan hanya a arewa ita ce ƙarancinta. Tarukan AA da makamantansu a manyan birane suke, yawanci kuma da Turanci. Amma ikilisiyar da ke da Zumuntar Mata da Zumuntar Maza da ƙungiyar matasa da 'yan Sabon Rai ba ta rasa ɗaki ko mutane ba, abin da ta rasa shi ne riƙon asiri. Taro irin wannan yana mutuwa ne ranar da abin da aka faɗa a cikinsa ya fito a matsayin roƙon addu'a a sujadar Laraba. Yana bukatar mutum biyu ko uku da suka daɗe da bari su jagorance shi, maza daban mata daban, a rana ɗaya da sa'a ɗaya kowane mako ko da mutum biyu ne suka zo, fasto kuma ya tsaya daga baya yana goyon baya maimakon ya mayar da shi wani wa'azin. A nan ne batun horon ikilisiya yake shigowa. ECWA da COCIN da EYN da sauran ikilisiyoyin da suka fito daga mishan sun gaji tsananin ƙin giya, kuma suna da dalilinsu, amma idan sakamakon furta faɗuwa shi ne a sanar da sunan mutum a gaban jama'a a mayar da shi bencin baya, to an koya wa kowa ya ɓoye. Galatiyawa sura 6 ta ce a komo da wanda aka kama cikin laifi da ruhun tawali'u. Dattawa na iya riƙe matsayinsu a kan maye, su kuma bambanta tsakanin wanda aka kama yana taƙama da wanda ya zo da ƙafarsa yana neman taimako.

Idan aka jera su, ra'ayina shi ne ba a zaɓar ɗaya a watsar da saura, jeri ake yi musu, kuma jikin mutumin ne yake faɗin wadda za ta zo farko. Wanda yake shan giya kullum har sai ya kurɓa da safe hannunsa ke daina rawa, ko mai haɗa tiramol da rochi, ko wanda ya taɓa yin jijjiga, ko ya fara magana shi kaɗai yana zargin ana binsa, ko ya ambaci kashe kansa, ko mace mai ciki, asibiti ne farko babu jayayya, fasto kuma ya bi shi can da addu'arsa. Bayan sallama, idan gida ne tushen matsalar, ko ya sha faɗuwa sau da dama, kuma shi da kansa ya yarda, cibiyar mishan da ta amsa tambayoyin nan da kyau ta cancanci kuɗinta. Magidanci mai aiki da 'ya'ya kuwa, wanda shekara guda a killace za ta raba shi da abincinsa, ya fi dacewa ya riƙa zuwa asibiti daga gida yana kuma halartar taron mako-mako. Saurayin da bai daɗe da fara wiwi ba, bai bar makaranta ba, sau da yawa mai ba da shawara da wani babba a coci da zai riƙe shi kamar ƙane sun ishe shi, kai shi cikin waɗanda suka shekara goma a harkar ma na iya koya masa abin da bai sani ba. Addu'ar kuɓutarwa tana da wuri a kowane mataki, amma ita kaɗai a matsayin dukan shiri ita ce mafi rauni cikin huɗun.

Mata suna da wahala ta musamman a wannan zaɓi. Ko da yake su ne kashi ɗaya cikin huɗu na masu sha, kaɗan ne suke isa wurin magani, domin yawancin cibiyoyin kwana na maza ne, kunyar kuma ta ninka, ga tsoron rasa aure ko 'ya'ya. Matar aure da ta kamu da kodin ko ƙwayar barci ta fi samun sauƙi ta hanyar ganin likita daga gida tare da wata uwa ɗaya amintacciya daga zumunta, a kan a kai ta wurin da babu ma'aikata mata.

Duk hanyar da aka bi, makonnin farko bayan dawowa gida su ne mafi haɗari, musamman ga mai tiramol ko kodin. Jikin da ya yi watanni babu ƙwaya ya rasa juriyar da yake da ita, kuma idan mutum ya faɗi ya sha adadin da ya saba sha a da, numfashinsa na iya tsayawa. Ya kamata a faɗa masa wannan a fili kafin ya fito, a faɗa wa na gida su ma, su san cewa wanda aka samu yana barcin da ba a iya tashinsa, numfashinsa na ja a hankali, leɓɓansa sun canza launi, asibiti za a ruga da shi nan take, domin akwai allurar naloksan da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi idan an isa da wuri. Kafin ranar dawowar kuma a riga an shirya wanda zai riƙe masa kuɗi na ɗan lokaci, da aikin da zai tashi ya tafi kowace safiya, da ranar komawa ganin likita, da sunan mutumin da zai raka shi taro a makon farko.